Awa ɗaya ta aiki, kwana bakwai na cefane

Ƙanen matata ya gama digiri, ya yi bautar ƙasa, yau shekara huɗu ke nan yana gida. In abokinsa mai rumfar POS zai je ɗaurin aure ko asibiti, shi ake kira ya tsare masa rumfar, da yamma a ba shi abin da ya sauƙaƙa. Wani makon ya samu kwana biyu, wani makon ya samu wuni guda. In ka tambaye shi me yake yi yanzu, amsarsa ba ta sauyawa: "Yaya, babu komai, sai 'yar buga-buga." Mahaifiyarsa kuwa duk wanda ya je gaishe ta sai ta ce, "A taya mu da addu'a, Allah Ya ba yaron nan aiki." A gidan nan kaf babu mai shakkar cewa ba shi da aiki. Amma da ma'aikacin Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa zai yi sallama a ƙofar gidan a makon da ya tsare rumfa, a cikin masu aiki zai rubuta sunansa, kuma bai karya ƙa'idar da aka ba shi ba.

Wannan ne ya hana ni sakewa da alƙaluman rashin aikin yi da ake ba mu tun 2023.

A watan Maris na 2021 hukumar ta ce rashin aikin yi a Najeriya ya kai kashi 33.3 cikin 100 a wata ukun ƙarshe na 2020, mutum ɗaya cikin kowane uku ke nan. A tsakanin matasa 'yan shekara 15 zuwa 34 ta ce ya kai kashi 42.5. Daga nan aka yi shiru fiye da shekara biyu, ba a sake fitar da komai ba. Sai a watan Agustan 2023, wata uku bayan cire tallafin man fetur, lokacin da kuɗin mota ya ninka kuma magidanta suka fara ajiye ababen hawansu suna takawa a ƙasa, aka wayi gari da sabon adadi: kashi 4.1 cikin 100 a wata ukun farko na shekarar. Bayan haka adadin ya riƙa yawo tsakanin huɗu da biyar da ɗoriya: 5.3 a farkon 2024, sannan 4.3 a wata ukun da suka biyo baya. Babu wata masana'anta da aka buɗe da za ta kwashe miliyoyin mutane a wannan tsakanin. Ma'aunin aka sauya.

A tsohon lissafi, wanda bai yi aikin awa 20 a mako ba, marar aiki ne. Wanda ya yi daga awa 20 zuwa 39, ana cewa aikinsa bai ishe shi ba. Sai wanda ya cika awa 40 ake ɗauka a matsayin mai cikakken aiki. A sabon lissafi kuwa, wanda aka tsara tare da Bankin Duniya da Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, duk ɗan shekara 15 zuwa sama da ya yi aikin awa ɗaya tak a cikin kwana bakwai da suka wuce, don a biya shi ko don ya ci riba, to yana da aiki. Kafin a kira ka marar aiki sai ka cika sharaɗi uku: ba ka yi ko da wannan awa ɗayar ba, kana shirye ka kama aiki, kuma kana ta faɗi-tashin nemansa. Wanda ya nema har ya gaji ya daina, ba ya cikin masu aiki, ba ya cikin marasa aiki. An fitar da shi daga lissafin gaba ɗaya.

Ba na cikin masu cewa hukumar ta ƙirƙiri ƙarya don ta wanke gwamnati, kuma ina ganin masu faɗin haka sun yi gaggawa. An fara tattara bayanan sabon tsarin tun ƙarshen 2022, kafin gwamnatin Tinubu ta hau. Ma'aunin awa ɗaya shi ƙasashen duniya suke amfani da shi, kuma mu ne muka daɗe muna auna namu da mudun da ba irin na kowa ba. Tsohon lissafin ma yana da nasa aibun. Matar da take soya ƙuliƙuli sau biyu a mako a cikin gida tana aika wa masu tsire, a tsohon tsari babu abin da take yi, alhali da kuɗin nan ake sayen sabulu da littafin makaranta, da su ake zubin adashi har a haɗa kayan ɗakin 'ya. Sabon tsarin ya ga wannan matar. Ya kuma tanadi a riƙa zagaya gidaje duk tsawon shekara, ba a fito sau ɗaya a koma ba. Waɗannan gyara ne na gaske, kuma ban ga dalilin musa su ba.

Matsalata da ma'aunin tana wani wuri. An ƙera shi ne a ƙasashen da yawancin mutane suke aikin albashi, inda in kamfani ya sallame ka gwamnati za ta riƙa ba ka ɗan abin riƙe kai har ka samu wani wurin. A irin waɗannan ƙasashe mutum yana iya zama wata shida bai taɓa komai ba, yana aika takardun neman aiki, kuma tukunyarsa ba ta daina hawa wuta ba. A can, in adadin ya sauka, an ɗauki mutane aiki ke nan. A nan wa zai ciyar da kai in ka zauna? Magidancin da ya tashi da asuba babu ko ƙwayar masara a gidansa zai fita, ko dako ne zai yi, ko ya tura kurar ruwa, ko ya je bakin titi ya tsaya da shebur da diga yana jiran mai gini. Ba zai yi kwana bakwai bai taɓa komai ba, domin yaransa ba za su yi kwana bakwai ba su ci ba. Talakan Najeriya ba shi da halin zama marar aiki irin wanda ma'aunin yake nema. Mai wannan halin shi ne wanda yake da uba ko wa da zai riƙe shi.

Maƙwabciyarmu Jamhuriyar Nijar ta ishe mu misali. A ƙiyasin Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, rashin aikin yi a can bai kai kashi 1 cikin 100 ba, yana cikin mafi ƙanƙanta a duniya. Afirka ta Kudu kuwa, mai ma'adinai da masana'antun motoci, tata ta haura kashi 30. Amma daga Maraɗi da Damagaram da Tawa ake tasowa kowace shekara a zo Kano da Legas neman kuɗi. Duk wanda ya san 'yan'uwanmu masu shayi da masu gadi da masu tallan dabino ya san ba yawan aiki ne ya koro su daga gida ba.

Ko a cikin gida haka abin yake. A rahoton da hukumar ta fitar na shekarar 2023 jiha-jiha, Abiya ce kan gaba da kashi 18.7, Abuja na biye da ita, Nasarawa ce a ƙasa da rabin kashi ɗaya. Jihohin da karatun boko ya fi yawa, inda matashi zai iya jiran aikin ofis, su ne suka fi nuna rashin aiki. A ɗaya hannun, wannan hukumar dai ita ce ta gaya mana a watan Nuwamban 2022 cewa mutum miliyan 133, kashi 63 cikin 100 na 'yan ƙasa, suna cikin talauci ta fuskoki da dama: abinci, lafiya, makaranta, ruwan sha, muhalli. Miliyan 86 daga cikinsu a Arewa suke. A Sakkwato adadin ya kai kashi 91. In ka ajiye rahotannin biyu gefe da gefe, abin da suke faɗa a fili yake. Mutanenmu suna aiki, suna kuma kwana da yunwa.

Tsoron da nake ji shi ne ranar da wani gwamnan Arewa zai miƙe a taro ya ce jiharsa ta fi Legas samar da ayyukan yi, ya kawo adadin hukuma ya kafa hujja da shi, a tafa masa. Adadin nasa daidai ne, ba za a iya ƙaryata shi ba, kuma mutanen jiharsa su ne suke kwana a ƙarƙashin gada a Legas ɗin.

Masu kare sabon tsarin sukan ce ai akwai wani ma'aunin a ciki da yake kamo masu guntun aiki, wato waɗanda ba su cika awa 40 ba kuma suna son ƙari. Gaskiya ne, kuma ya kama kusan kashi 12 a farkon 2023. Wannan zai iya kamo ƙanen matata. Amma ɗan ga-ruwa fa? Yana fita tun kafin a idar da sallar asuba, ba ya ajiye kura sai bayan isha'i, Juma'a da Lahadi duk ɗaya ne a wurinsa. Awowinsa sun ninka na ma'aikacin banki. Direban Adaidaita Sahu sai ya fara haɗa kuɗin da zai kai wa mai keken, ya haɗa na mai, wanda litarsa ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da 1,000 tsakanin farkon 2023 da ƙarshen 2024, ya biya haraji, sannan abin da ya ragu ya zama na cefane. Mai yankan farce yana zagaya kasuwa wuni guda. Waɗannan mutane babu su a layin marasa aiki, babu su a layin masu guntun aiki. A takarda, su ne waɗanda al'amarinsu ya daidaita. Su ne kuma ainihin masu hannu baka hannu ƙwarya, waɗanda zazzaɓin kwana uku yake jefa gidansu cikin bashi.

Dokta Yemi Kale, wanda ya shugabanci hukumar daga 2011 zuwa 2021, ya fito ya ce a zamaninsa bai yarda da ma'aunin awa ɗaya ba, saboda abin da mutum zai samu a awa guda a Najeriya ba zai riƙe shi ba. Ina tare da shi a kan dalilin. Inda na ɗan rabu da shi shi ne, ko awa 20 ɗin da ya riƙe ba ta warware matsalar, tunda ga mai awa 80 nan bai ƙoshi ba. Lokaci muke ta aunawa, alhali ciwon yana wurin abin da aikin yake kawowa gida.

Abin da ya fi ba ni takaici shi ne, amsar tana cikin rahotannin da hukumar ta fitar da sabon ma'aunin nan, a shafukan da ba a karantawa a labarai. Sama da kashi 92 cikin 100 na masu aiki a Najeriya suna aikin da babu rajista, babu takardar ɗauka, babu fansho, babu hutun rashin lafiya. Wajen kashi 85 kansu suke yi wa aiki. Masu karɓar albashi daga hannun wani ba su kai kashi 15 ba. A cikin mutum bakwai masu aiki, da ƙyar ɗaya yake jiran ƙarshen wata. Wannan ne ya kamata ya zama kanun labari. Shi ne kuma yake nuna iyakar rigimar mafi ƙarancin albashi da aka yi a 2024, wadda ta ƙare a kan naira 70,000. Ban raina wannan gwagwarmaya ba, ma'aikata sun cancanci fiye da haka, tunda a ƙarshen shekarar kuɗin ba sa sayen buhun shinkafa a kasuwanni da yawa. Amma ƙasa ta shafe watanni tana muhawara a kan albashin 'yan tsiraru, sauran shida cikin bakwai kuwa babu teburin da aka zauna dominsu.

Kuma ba haka muka taso muka tarar ba, aƙalla a biranen Arewa. Wanda ya san Kakuri a Kaduna lokacin da masaƙu suke aiki ya san abin da nake nufi. An kafa Kaduna Textiles a 1957, sannan Arewa Textiles da Nortex da UNTL suka biyo baya. In an tashi daga aiki, kekuna sukan cika titi. Mutumin da bai wuce firamare ba yana da albashi, yana da asibitin ma'aikata, yana da ƙungiyar ƙwadago da za ta tsaya masa, kuma mai abinci da tela da mai gidan haya duk a jikinsa suke ci. A Kano akwai Bompai da Sharaɗa da Chalawa. Rashin wuta, tsadar baƙin mai da atamfar da ake shigowa da ita ta ɓarauniyar hanya suka durƙusar da su. Kaduna Textiles ta rufe a 2002, UNTL ta bi sahu a 2007. Ma'aikacin da aka sallama ya koma acaɓa ko tireda. A ma'aunin awa ɗaya babu abin da ya same shi: jiya yana da aiki, yau ma yana da aiki. Ma'aunin da bai ga mutuwar Kakuri ba, ta yaya zai gaya wa gwamna ko ana gaba ko ana baya?

'Yan boko kuwa, ranar 15 ga Maris 2014 ta riga ta ba da shaida a kansu. Sama da mutum dubu 500 suka biya naira dubu ɗai-ɗai don neman gurbin da bai kai dubu 5 ba a Hukumar Shige da Fice. Aka tara su a filayen wasa, aka yi turereniya, mutane suka mutu a Abuja da Minna da Fatakwal da Benin, har da mata masu juna biyu. Da yawa daga cikin waɗanda suka je ranar suna da 'yar sana'ar da suke taɓawa. Sun bar ta sun tafi ne saboda sun san bambancin buga-buga da aiki. Har gobe in aka buɗe shafin ɗaukar ma'aikata haka ake rububi, kuma kowa ya san maganar sayar da ofa, wato takardar ɗaukar aiki, da ake yi a bayan fage, iyaye suna sayar da fili don a samar wa ɗa gurbi. Bankin Duniya ya ƙiyasta cewa matasa wajen miliyan uku da rabi suke shiga sahun masu neman abin yi a Najeriya kowace shekara.

Akwai kuma abin da ya keɓanci Arewa, wanda adadi guda na ƙasa baki ɗaya ba zai taɓa nunawa ba, wato damina da rani. Daga Yuni zuwa Oktoba ƙauye ba ya da marar aiki, har ƙwadago ake nema a rasa. Da an kai amfani gida, in babu fadama ko madatsar ruwa a kusa, sai samari su ɗaure jaka su tafi ci-rani. Tsohuwar al'ada ce, kuma ta riƙe gidaje da yawa. Amma ƙofofinta suna ta rufewa. Kano ta hana acaɓa ɗaukar fasinja a 2013. Legas ta hana shi a manyan ƙananan hukumominta a 2020, ta sake tsanantawa a 2022. A sassan Zamfara da Katsina da Sakkwato kuwa daminar kanta aka ƙwace, manomi ba ya shiga gonarsa sai ya biya 'yan bindiga, wani ma ya bar garin ɗungurungum. Manomin da yake cika rumbu uku a da, yanzu yana tallan rake a baro a cikin birni. Shi ma mai aiki ne a takarda.

To me nake nema? Ban ce a jefar da ma'aunin duniya ba. A riƙe shi don kwatanta mu da sauran ƙasashe, wurinsa ke nan. Amma tunda ma'aikatan hukumar suna shiga dubban gidaje duk shekara, a tambayi mutum nawa aikin nan ya kawo masa a makon, a kuma buga mana a shafin farko: mutum nawa ne cikin masu aiki abin da suke samu bai kai mafi ƙarancin albashi ba. A buga shi jiha-jiha, a raba na damina da na rani, a raba na maza da na mata. A gaya mana guraben albashi nawa aka ƙara a Kano ko Bauchi a shekara, nawa aka rasa. Sannan a riƙa fitar da shi a kan lokaci, kada a sake barin ƙasa shekara biyu a duhu. Wannan yana buƙatar kuɗi, kuma Majalisa ce za ta ware su. Ƙidayar jama'a ma rabonmu da ita tun 2006, wadda aka shirya yi a 2023 an ɗage ta, ga shi duk waɗannan kaso-kaso a kan ƙiyasin yawanmu ake ɗora su.

Da muna da irin wannan lissafi, da an iya yi wa shirye-shiryen gwamnati hisabi. An fara shirin N-Power na ɗaukar matasa aikin wucin gadi a 2016 ana biyan naira 30,000 a wata. An yi shirin ɗaukar mutum 774,000, dubu ɗaya daga kowace ƙaramar hukuma, a biya su naira 20,000 a wata na tsawon wata uku. An raba kekunan ɗinki da injinan markaɗe da baro ba adadi. Wanda aka yaye daga waɗannan shirye-shirye, ina yake bayan shekara biyu, kuma nawa yake samu? Wannan ita ce tambayar da ta kamata ɗan majalisa ya yi kafin a sake ware wasu biliyoyin, kuma ma'aunin awa ɗaya ba zai amsa masa ba, domin tun kafin a ba yaron keken ɗinki an riga an lissafa shi cikin masu aiki.

Ina kuma da roƙo ga 'yan'uwana ma'aikatan rediyo da masu rubuta labarai da Hausa. In muka ce "rashin aikin yi ya ragu zuwa kashi huɗu", mai sauraro a Funtuwa ko Azare abin da yake ji shi ne an ce masu zaman kashe wando sun ƙare, samarin majalisa sun samu abin yi. Sai ya leƙa waje ya gan su a kan benci, ya yanke cewa hukuma maƙaryaciya ce. Gobe in ta kawo masa adadin gaskiya a kan kwalara ko tsadar abinci, ba zai saurara ba. Ƙarin jimla ɗaya ya isa: a ce wannan adadin na waɗanda ba su yi ko aikin awa ɗaya a mako ba ne kuma suna nema, sannan a faɗi na masu albashi a gefensa. A bakin Bahaushe aiki shi ne abin da yake rufa wa mutum asiri, ya ci, ya ciyar, ya yi aure, ya kai mahaifiyarsa asibiti. Da wannan ma'anar mai sauraro yake fassara abin da muka karanta masa.

Ƙanen matata ya kai shekara talatin a bana. Akwai yarinyar da yake so, iyayenta sun tambaye shi sana'arsa sau biyu, kuma sun ba shi zuwa bayan babbar sallah. A makon jiya ya tsare rumfar POS ranar Talata, daga azahar zuwa magariba.